Jiki ɗaya, ciwo uku, ledar magani huɗu

A gidaje da dama na Ƙofar Wambai, in ka ɗaga matashin tsohuwa ko ka buɗe akwatin maigida, ledar magani ba ɗaya za ka tarar ba. Wannan na hawan jini ne daga Asibitin Ƙwararru, wancan na suga daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga "haɗi" na ciwon gwiwa da yaro ya sayo a kemis, ga gorar jiƙo a gefe. Kowa ya ba da nasa bai san da na wani ba.

Hawan jini da ciwon suga abokan tafiya ne. In suka daɗe a jiki ɗaya, ƙoda suke ci sannu a hankali, ba zafi ba raɗaɗi, kuma su ne kan gaba wajen kai mutane wankin ƙoda a duniya. To sai a ɗora musu diclofenac ko ibuprofen kullum saboda gwiwa. Waɗannan ƙwayoyi suna rage jinin da ke shiga ƙoda, suna kuma ƙara hawan jini. Wani haɗin ma da dexamethasone a ciki. Gwiwa ta saki, Baba ya taka har masallaci, ana ta murna, alhali suga ya haura, fuska ta kumbura, a ce ai ƙiba ya yi. Ƙodar da ta raunana kuwa ba ta fitar da magani yadda ya kamata, shi ya sa metformin ɗin da ya dace bara, bana sai an rage shi ko a canza.

Ranar asibiti a kwashe komai a leda ɗaya, har jiƙon da sassaƙen, a zube gaban likita. Ɓoye masa jiƙo don kada ya yi faɗa, kai ake cuta. A nemi gwajin ƙoda, na jini da na fitsari, aƙalla sau ɗaya a shekara, a duba ido da tafin ƙafa. Awon hawan jinin da ke tsayawa a 140/90 ko sama da haka ba gajiya ba ce. Gishiri, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya, kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya ma gishiri ne.

Mai niyyar azumi ya je asibiti tun Sha'aban, likita ya sake tsara masa lokutan shan magani tsakanin sahur da buɗa-baki.