Ko Kun Sani? Gudu Ma Yana Shan Mai

Direban da ya taso daga Bagudo ya nufi Tsamiya, bakin iyakar Benin, da buhunan albasa a mota, in ya ninka gudunsa, ƙarfin iskar da ke tare shi kan ninka har sau huɗu. Da mai injin yake biyan wannan kokawa, ga shi tun cire tallafi a Mayun 2023 lita ta yi tsada. Kowace litar fetur da ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon mai ɗumama duniya. A 1974, lokacin ƙarancin mai, Amurka ta ƙayyade gudu a mil 55 cikin sa'a don tattalin fetur.