'Yar Bahaushe da Kujerar Malamin Jami'a

A shekarar 1957 aka ba wasu Sinawa biyu, Lee da Yang, lambar Nobel ta kimiyya. Wadda ta yi gwajin da ya gaskata maganarsu kuwa, wato Malama Chien-Shiung Wu ta Jami'ar Columbia a Amurka, ko sunanta ba a sa ba. Sai a 1958 aka ba ta cikakkiyar kujerar farfesa. Ga ta mace, ga ta baƙuwa, kaya biyu a kai ɗaya.

'Yan uwa, mu da ke ƙauyukan Jazira da bakin Shuɗin Nilu mun san nauyin wannan kaya, sai dai namu tun daga ƙofa yake farawa. Jama'ar Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, sun iso nan bayan yaƙin Burmi na 1903. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, da ta 1957, suka ce sai wanda kakanninsa ke Sudan kafin 1898. To ka ji inda gizo ke saƙar. Mutanen da suka tsinci audugar Jazira tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, 'ya'yansu suka yi ta fama da neman takardar jinsiyya, alhali ba a ɗaukar mutum aikin gwamnati sai da ita. An sassauta dokar daga baya, amma shekarun da aka rasa ba su dawowa. Yarinyar da ta tashi a kambo, makaranta nesa, aure kusa, yaushe za ta kai ga digiri na uku?

Abin mamaki, a Rufa'a, nan kusa da mu, Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a 1907, wadda daga zuriyarsa Jami'ar Ahfad ta fito. Mu ma ba baƙin malanta ba ne: Nana Asma'u ta naɗa jajinta suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Saboda haka laifin ba na doka kaɗai ba ne, akwai na iyaye.

Jami'ar Jazira, wadda aka kafa a Madani a 1975, ta sha ɓarna bayan da garin ya faɗi a Disambar 2023, kafin sojoji su karɓe shi a Janairun 2025. Malamai da dama sun watse. Duk ranar da aka zauna cike guraben nan, ya kamata dattawanmu su je da sunayen 'ya'yanmu mata masu digiri a hannu.