In An Sayar Da Gidan Da Kake Haya

Wannan tambaya ta taso a taron 'yan gama kai a gefen Kibiya. Wani ɗan'uwa ya kama ɗaki biyu a garin Rano domin 'ya'yansa masu karatu, ya biya kuɗin shekara da ya sayar da gyaɗarsa. Bayan wata uku sai ga baƙo, ya ce ya sayi gidan, su kwashe kaya kafin Jumma'a. Tilas ne su fita?

A'a. Ciniki tsakanin mai gida ne da mai saye, bai kashe haya ba. Wanda ya sayi gida ya saye shi da ɗan hayar da ke ciki, da sauran watannin da aka biya. In yana son gidansa sai ya ba da notis a rubuce. In ba a yi wata yarjejeniya dabam ba, mai biyan wata-wata ana ba shi wata ɗaya, mai biyan shekara kuwa wata shida. Bayan wannan akwai takarda ta kwana 7, sa'an nan kotu. Alƙali kaɗai ke da ikon fitar da mutum. Kware rufi, ko sa kwaɗo a ƙofa, ko watsa kaya waje, duka ana iya kai ƙara a kansu.

Amma doka ba ta tilasta mai gida ya fara yi wa ɗan haya tallan gidan ba. In ya yi, kirkinsa ne.

Inda mutanenmu suke faɗuwa shi ne rasit. Muna jin kunyar roƙonsa, wai kada a ce ba mu amince ba. Ran da tsohon mai gida ya karɓi kuɗinsa ya tafi Kano, sabon ya ce bai san zancen ba, da me za ka tsaya gaban alƙali? Ɗan'uwan nan ya tsira ne domin ya biya a gaban mai unguwa. Kada kuma ka daina biya don fushi, gama bashi yana raunana ƙararka. Sai dai ka ga shaidar ciniki tukuna kafin ka miƙa wa sabon mai gida ko kwabo.

Haka zancen gona yake, ko ta aro, ko haya, ko jingina. Bisa ga Dokar Ƙasa ta 1978, ba a sayar da gonar karkara sai da yardar Ƙaramar Hukuma. A al'ada kuma ba a tashin mutum da shuka a ƙasa, sai ya girbe, kuma mai riƙe da jingina ba ya saki sai an mayar masa da kuɗinsa. Takin da ka zuba ne yakan kawo gardama. Ku rubuta zancensa tun ran farko a gaban dagaci da shaidu biyu, ku ba sakataren ƙungiya kwafi ɗaya ya ajiye.