Gargaɗi ga mazauna gindin Dutsen Kamaru: wutar ba ta saman dutse kaɗai take fitowa ba

Wannan gargaɗi ne ga jama'armu mazauna Buea, Limbe, Mutengene, Tiko, Muea da Ekona, da na ƙauyukan bakin teku tun daga Batoke har Idenau: 'yan tireda, mahauta, masu tsire, direbobi, 'yan acaba, ɗalibai, da iyaye mata da ke gida da yara. Dutsen bai tashi ba a daidai lokacin da nake wannan rubutu, don haka kada wani ya ɗauki takardar nan ya ruga kasuwa yana kururuwa. Amma ku karanta ta yau, ku karanta wa wanda bai iya ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Dutsen da kuke kwana kuna tashi a gindinsa, wanda tsawonsa ya haura mita 4,000, ya yi aman wuta sau bakwai a cikin shekaru ƙasa da ɗari: 1909, 1922, 1954, 1959, 1982, 1999 da 2000. A tashinsa na 1909 Jamusawa suna mulki daga Buea, girgizar ƙasa ta sa suka tattara suka sauka Duwala. Ku dubi tazarar da ke tsakanin shekarun nan. Ya taɓa yin shiru na shekara 32, ya taɓa yin na 23, duk ya dawo. Yanzu ya haura shekara ashirin bai zubo da narkakken dutse ba, kuma a cikin wannan shirun aka haifi akasarin samarin da ke jan babur a Molyko, aka cika gangaren dutsen da benaye da ɗakunan kwanan ɗalibai a wuraren da dā gonaki ne.

Kuskuren da na fi ji a bakin mutane shi ne, wai in dutsen zai tashi za a hango wuta a ƙololuwa, mutum ya sami sararin shiryawa. Wannan dutsen ba haka halinsa yake ba. Yawanci jikinsa ne ke tsagewa. Narkakken dutse yana tasowa daga ƙarƙashi yana neman inda ƙasa ta fi rauni, sai gefen dutsen ya dare kamar tsohon ƙyalle, wuta ta riƙa feshi ta jerin ramuka a kan layi ɗaya. A 1922 ta gefen yamma ya fito, ya gangara har cikin teku a wajajen Bibundi. A 1959 ta gefen gabas ya ɓullo, ya nufi Ekona, ya tsaya daf da garin. Babu ɓangaren da zai bugi ƙirji ya ce shi an ɗauke masa.

Abin da ya faru a 1999 ya kamata kowane mai gida ya sani dalla-dalla. An kwana biyu ƙasa tana rawa, ana ji har cikin ɗakuna a Buea, bangaye suna tsagewa. Ranar 28 ga Maris wuta ta fito a can sama, a tsawon kimanin mita 2,650. Mutane suka tsaya suna kallon jan sama da dare. Bayan kwana biyu sai wata tsagar ta buɗe can ƙasa, wajen mita 1,500, kuma ita ce ta yi ɓarnar. Abin da ya fito daga cikinta ya bi daji yana cin itatuwa, ya shiga gonakin kwakwar manja, yana tafiyar hawainiya, har ya iso titin Limbe zuwa Idenau a kusa da Bakingili a tsakiyar watan Afrilu. Ya haye kwalta, ya tsaya kimanin mita 200 kafin teku. An kwashe mutanen Bakingili aka kai su Tiko.

Na tsaya a gindin wannan daskararren dutsen. Kana tafe a mota, teku a gefe, sai ka ga titi ya karkata ba gaira ba dalili, ya zagaya wani baƙin tudu mai tsawon bene hawa uku. Tsohuwar kwaltar tana ƙarƙashinsa. Duwatsun kamar ƙonannen gawayi suke, masu kaifi, suna yanka tafin takalmi, in ka taka ɗaya na kusa da shi ya motsa. Ciyawa ta fara tsirowa a jikinsa, masu yawon buɗe ido suna hawa suna ɗaukar hoto. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan titin shi kaɗai ne kwaltar da ta haɗa Idenau da Debundscha da Limbe. Ranar da aka datse shi, mai kayan da ya sauke daga jirgin ruwan Najeriya a Idenau, da mai kifi, da mai haƙuri da ke neman babban asibiti, duk suna bayan wuta.

Saboda haka hankalinku ya fi karkata kan hanya. Mazaunin Buea ya zauna ya lissafa: babban titin da ya gangaro daga Buea Town ta Great Soppo da Molyko zuwa Mile 17 shi kowa zai bi. Daga can ko dai a sauka Mutengene, a rabu zuwa Limbe ko Tiko da Duwala, ko a bi ta Muea da Ekona zuwa Kumba, hanyar da rikicin yankin ya sa ba kullum ake shigarta da kwanciyar hankali ba. Akwai ta Tole mai ratsa gonakin shayi, ƙarama ce. Ku tuna yadda Mile 17 ke cushewa a ranar da babu abin da ya faru, sannan ku ƙiyasta yadda za ta zama in gari duka ya fito lokaci ɗaya, cikin dare, ana zubar toka. Ku kuma tuna dutse bai san ranar Litinin ta zaman gida ba. Yana iya tashi ranar da babu tasi ko ɗaya a titi. A 2000, da ya sake tashi a ƙarshen watan Mayu, narkakken dutsen ya tsaya ne kilomita kaɗan daga Buea. Garin na yau ya ninka na wancan lokacin, hanyoyin fita kuwa su ne dai na jiya.

In kuna son ganin yadda abin ke kasancewa idan wuta ta shigo unguwa, ku dubi Goma ta gabashin Kwango. Ranar 17 ga Janairun 2002 gefen dutsen Nyiragongo ya tsage, tsagar ta yi ta tafiya har bakin gari. Narkakken dutse ya ratsa tsakiyar Goma ya raba ta biyu, ya binne wani sashe na titin saukar jiragen sama, ya faɗa tafkin Kivu. Dubban ɗaruruwa suka tsallaka Gisenyi ta Ruwanda. Bayan kwana huɗu, ana ganin mafi munin ya wuce, wani gidan mai ya yi bindiga ya hallaka mutane da dama da suka je kwasar fetur. Ranar Asabar 22 ga Mayun 2021 Nyiragongo ya sake tashi da magariba ba tare da an yi wa kowa kashedi ba. Sama ta yi ja, aka yi ta gardamar ko shi ne ko maƙwabcinsa Nyamuragira. Wutar ta cinye dubban gidaje, ta datse titin Goma zuwa Rutshuru, ta yanke wayoyin lantarki da bututun ruwa, sannan ta tsaya a Buhene, bakin gari. Mutum 32 suka rasu. Da yawansu a hatsarin mota suka mutu wajen gudu, wasu kuma hayaƙi ne ya shaƙe su lokacin da suka yi ƙoƙarin taka narkakken dutsen da bai gama hucewa ba don su tsallaka ɗaya gefen titi. Asusun UNICEF ya ba da rahoton yara sama da 170 da aka rasa inda suke a daren.

Gaskiya ne aman Nyiragongo tsinkakke ne, yana gudu kamar ruwa, na Dutsen Kamaru kuwa ya fi kauri da nawa; na 1999 ya fi mako biyu kafin ya kai titi, kuma bai ci ran kowa ba. To amma turmutsutsu da hatsarin mota da ɓatan yara da komawa ɗaukar kaya ba su da ruwa da kaurin dutse. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Alamun da za ku sa wa ido ba ɓoyayyu ba ne. Ƙasa ta riƙa rawa a kai a kai, kwanuka suna kaɗawa, ƙofar da ke rufuwa lafiya ta fara cijewa. Sabuwar tsaga a bango, ko a tsakar gida, ko a kan kwalta, wadda ke ƙara faɗi tsakanin safe da yamma. Ƙara daga ƙarƙashin ƙasa kamar tirela na wucewa alhali babu mota. Warin farar wuta, irin na ashanar da aka ƙyasta. Rijiya ko maɓuɓɓuga ta yi ɗumi, ko ta gurɓace, ko ta ƙafe ba lokacinta ba. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya sanar da mai unguwa da hukuma nan take. Akwai masana a Ekona da aikinsu ke nan, auna motsin dutsen, su da rediyon CRTV za ku saurara. Bidiyon da ake turowa ta WhatsApp kuwa a yi hattara da shi. Yawanci tsohon hoton wata ƙasa ne aka liƙa wa sunan Buea.

Idan hukuma ta ce a tashi, a tashi a lokacin, ba sai an ga wuta da ido ba. Alhaji, na san shagon nan gumin shekara ashirin ne, na san kuma tsoron ɓarayi ne ke zaunar da mutum. Ka kulle, ka ɗauki littafin bashi da kuɗin da ke cikin durowa, ka fita. Masu cewa ajali ba ya wuce ranarsa sun faɗi gaskiya, sai dai mu muka gaji cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Liman da Sarkin Hausawa na kowane gari su zauna tun yanzu su san gidajen da ke da tsoho ko gurgu ko mai tsohon ciki, su san motar wa za ta ɗauki wa. Wannan aikin zama ɗaya ne bayan sallar Juma'a.

A wajen fita, kada a gudu a gaban narkakken dutse ana gangarawa tare da shi. Kwari da kwazazzabo da hanyar ruwa yake bi, don haka a ratse gefe a bar masa layinsa. Kada a tsallaka shi komai baƙin da samansa ya yi. Ɓawon ne kawai ya daskare, cikinsa na iya kai zafin digiri 1,000, ƙafa na karya ɓawon an gama. Direba kada ya gwada wucewa ta kan titin da ya tsage, ko ya tsaya ya toshe hanya don ɗaukar hoto. Inda wutar ta haɗu da ruwa, ko rafi ko teku, a yi nesa da wurin: tururin yana fashewa da tsakuwa, yana ƙona ido da huhu. Masunta su janye kwale-kwale daga wannan gaɓar.

Akwai kuma iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, take kwanciya a rami da kwari da ƙasan gini. Mutanen Kamaru ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kanta. Ita ce ta fito daga tafkin Nyos a daren 21 ga Agustan 1986 ta kashe mutum sama da 1,700 da dubban shanu, cikinsu har da Fulani makiyaya da garkunansu. In kun ga tsuntsaye ko kaji ko awaki sun zube a wani lungu babu rauni a jikinsu, ko fitilar kwai ta mutu da kanta, ko kai ya fara juyawa, a ɗaga yara sama a kafaɗa a hau tudu. Wanda ya faɗi a cikin rami kada a sauka ɗauko shi da hannu biyu kawai, domin mai ceton ne zai zama na biyu.

Toka ita ce za ta kai ga kowa, har wanda ke nesa da wuta. Ba irin tokar murhu ba ce, garin dutse ne mai kaifi kamar niƙaƙƙiyar kwalba. A 1999 mutanen ƙauyukan bakin teku sun sha fama da ciwon ido da tari saboda ita. A rufe hanci da baki da takunkumi ko jiƙaƙƙen ƙyalle, kada a murza ido, a wanke da ruwa mai tsabta. A rufe randa da duro, a cire bututun da ke kawo ruwan rufi cikin tanki. Mahauta da masu tsire su rufe nama ko su dakata da sana'a. A yankin da ruwan sama ba ya ɗaukewa kamar Debundscha, toka na jiƙewa ta yi nauyin siminti, tana iya danne rufin kwano, ta mai da kwalta santsi kamar an zuba sabulu.

Yau da dare, kafin a kwanta, a sami jaka ɗaya a zuba katin shaida, takardar zama ga wanda ba ɗan ƙasa ba, takardun haihuwar yara, takardun fili, maganin mai hawan jini ko ciwon suga, tocila, ƙaramar rediyo mai batir, cajar waya, da 'yan kuɗin Sefa a hannu, don ranar da babu sabis kuɗin cikin waya ba sa sayen ko ruwan leda. Mai mota ko babur kada ya bar tanki ya sauka ƙasa da rabi. Ranar fita a kashe tukunyar gas, a sauke layin lantarki, a kwance dabbobin da ke ɗaure. A tsai da gidan ɗan'uwa ɗaya a Duwala ko Tiko inda kowa zai nufa idan an rabu, a maimaita wa yara sunansa har su haddace. Ƙananan da ba su iya magana sosai ba, uwa ta rubuta sunan yaro da lambar wayar mutum biyu a ƙyalle, ta ɗinke a cikin wuyan rigarsa.