Injin Ratsa Zamani: abin da littafi ya faɗa, da abin da sinima ta zubar a hanya

A unguwar Wadata ta birnin Yamai, wadda aka sani da kasuwarta da tashar motocinta, akwai gidan raya al'adu mai ɗauke da sunan Umaru Ganda, wanda ma'aikata suka fi kira CCOG. Samari da ƴan mata suna wucewa ta ƙofarsa safe da yamma, sun san sunan, amma ba kowannensu ya taɓa ganin filim ɗin mai sunan ba. Gidajen sinima da iyayensu suka sha layi a bakinsu, irin su Rex da Vox da Zabarkan da Soni Ali Ber, an rufe su ɗaya bayan ɗaya. Kallo ya koma cikin wayar hannu, mutum ya biya ƴan kuɗi kaɗan a kasuwa a zuba masa finafinai a ɗan kati. Cikin abin da ake zubawa har da na mutanen da suke barin zamaninsu su faɗa wani zamani, ko na gaba ko na baya. Mai kallo yana tsammanin sabon abu ne, alhali kuwa tushen labarin ya haura shekara 130.

Tunanin kansa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya zauna makarantar allo ya ji labarin As'habul Kahafi, waɗanda suka yi barcin shekara 309, suka farka suka aiki ɗayansu gari da kuɗin da zamaninsu ya wuce. Abin da marubutan Turai suka ƙara shi ne inji: mutum ya ƙera abin hawa da hannunsa, ya zaɓi shekarar da zai sauka.

Yaron baranya da littafinsa

Wanda ya shahara da wannan dabara wani Bature ne ɗan Ingila, H. G. Wells, an haife shi a 1866, ya rasu a 1946. Ba ɗan masu hali ba ne. Mahaifiyarsa aikatau take yi a wani katafaren gidan masu dukiya da ake kira Uppark, inda aka haƙa wa barori hanyoyi ta ƙarƙashin ƙasa, suna kai da kawo da abinci ba tare da sun tare wa iyayen gida ido ba. Shi kansa an kai shi koyon aiki a kantin yadi, ya sha wuya, kafin karatu ya fid da shi. A 1895 ya buga ɗan littafinsa, wanda masu karatun Faransanci suka sani da La Machine à explorer le temps, wato injin ratsa zamani.

Mai tafiyar cikin littafin ba shi da suna. Ya ƙera injinsa da tagulla da hauren giwa da wasu ƙarafa, ya sa masa sirdi, ya hau, ya ja sanda, bai tsaya ba sai a shekara ta 802.701. Can ya tarar ƴan Adam sun rabu gida biyu. Na sama, Eloi, ƙanana ne, kyawawa, ba su noma, ba su saƙa, ba su karatu, sai wasa da cin ƴaƴan itace. Na ƙasa, Morlock, suna cikin ramuka masu duhu, su ne ke kula da injuna, su ne ke ɗinka wa na sama tufafi. Da farko matafiyin ya ɗauka aljannar duniya ya samu. Sai daga baya ya gane cewa in dare ya yi na ƙasa suna fitowa su kama na sama su ci, kamar yadda makiyayi ke ware rago daga garke.

A nan ne zuciyar littafin take. Wells bai ce wani bala'i ne ya faɗo daga sama ya raba mutane ba. Cewa ya yi Eloi jikokin masu dukiya ne, Morlock kuma jikokin ma'aikatan da aka tura ramukan gawayi da ɗakunan injuna, har ido ya daina jure hasken rana. Rabuwar da ya gani da idonsa a Ingila ita ce ya miƙa gaba, ya nuna inda za ta kai in an bar ta. Kuma bai ba da magani ba. Weena, yarinyar Eloi da ta shaƙu da matafiyin, ta ɓace cikin gobarar daji. Shi kuma ya zarce gaba har shekara miliyan 30, ya ga rana ta yi ja ta tsufa, duniya ta yi sanyi, babu sauran ɗan Adam. Ya komo gida da furanni biyu a aljihu, ya ba da labari, ba a gaskata shi ba, ya sake tafiya, bai dawo ba.

1960: tsoron bom

Shekara 65 bayan haka, a shekarar da Nijar ta samu mulkin kai, George Pal ya mai da littafin filim a Amurka. Pal mutumin Hangare ne, kuma da ƴar tsana ya fara yin suna: a ɗauki hoto ɗaya, a gusa hannun tsanar kaɗan, a ɗauki wani, har ta yi motsi a kan allo. Irin wannan aiki na haƙuri ne Mustafa Alasan ya yi a Nijar da zane da tsana. Da wannan dabara Pal ya nuna gudun zamani: kyandir yana narkewa nan take, fure yana buɗewa yana rufewa, tufafin gunkin da ke tagar wani kanti suna sauyawa shekara bayan shekara. Aikin ya ci kyautar Oscar ta dabarun hoto, kuma har yau yana da daɗin kallo.

Amma in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Matafiyin Pal, wanda Rod Taylor ya fito a matsayinsa, ya tsaya sau uku a hanya: a 1917 ya tarar da yaƙi, a 1940 ya tarar ana ruwan bama-bamai a Landan, a 1966 kuma bom ɗin nukiliya ya tashi birnin. Yaƙi ne ya raba mutane a wannan filim, wasu suka gudu cikin ramuka, wasu suka zauna sama. Har a can ƙarshen zamani, in jiniya ta yi kuka, Eloi sukan taso kamar masu tafiya cikin barci su shiga ramin da za a yanka su, domin kakanninsu sun saba gudu maɓoya in sun ji ta. Wannan dabara ce mai kyau, kuma babu ta cikin littafin. Sai dai da ita aka share maganar mai gida da bara. Amurka ta 1960 tana cikin yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet, tsoron bom ya cika zukata, kuma filim mai cewa wata rana ma'aikata za su cinye iyayen gidansu ba hajar da kamfanonin Holiwud za su so kai wa kasuwa ba ce. Aka kuma ƙara jarumtaka: matafiyin ya koya wa Eloi faɗa, ya ceci Weena, ya koma wurinta da littattafai uku waɗanda ba a faɗi sunansu ba.

2002: baƙin cikin mutum guda

Da aka sake yin filim ɗin a 2002, wanda ya jagoranci aikin Simon Wells ne, tattaɓa-kunnen marubucin. Wanda ya ji haka zai ce gado ya koma gida. Ba haka ta kasance ba. An kashe dala miliyan 80 na Amurka, aka ɗauke labarin daga Landan aka kai shi New York. Matafiyin, Guy Pearce, ya zama malamin jami'a wanda ɗan fashi ya kashe masa budurwa. Ya yi shekara huɗu yana ƙera inji don ya koma ya cece ta. Ya koma, ya kauce wa ɗan fashin, sai keken doki ya take ta. Daga nan ya nufi gaba neman amsar tambaya guda: me ya sa ba a gyara abin da ya wuce?

A 2030 ya gamu da wani ma'ajin littattafai wanda ba mutum ba ne, hoto ne mai magana, sunansa kuwa Vox, kamar tsohon gidan sinimar Yamai. A 2037 ya ga wata ya tsage saboda haƙe-haƙen da mutane suka yi a kansa, kuma wannan ne ya raba ƴan Adam. Eloi na 1960 farare ne masu jan gashi. Na 2002 masu duhun fata ne, suna rataye gidajensu a jikin duwatsu, kuma Samantha Mumba, wadda mahaifinta ɗan Zambiya ne, ita ce ta maye gurbin Weena da sunan Mara. An sauya launin waɗanda ake ceto, amma mai ceton bai sauya ba. An kuma ƙirƙiro wa Morlock sarki mai dogon jawabi, domin jarumi ya samu abokin gaba guda da zai kayar. Wells ya tuhumi tsarin zaman jama'a ne baki ɗaya. Tattaɓa-kunnensa ya mai da zancen ciwon zuciyar mutum ɗaya.

Haka ta faru ga littafin Bafaranshen nan Pierre Boulle, La Planète des singes, na 1963, inda masu tafiya sararin sama suka yi ƴan shekaru a jirgi alhali ɗaruruwa sun wuce a duniya. Cikin littafin, matafiyin ya komo filin jirgin Orly ya tarar goggon biri ne ke tarbarsa. Filim ɗin 1968 ya ƙare da gunkin ƴanci na New York binne cikin rairayi, tsoron bom ke nan kuma. Na 2001 ya ƙare da gunkin Lincoln da fuskar biri. Kowa ya ja bargon ya rufe ƙafarsa.

Waƙa a bakin mai ita

Wannan shi ne abin da ya haɗa zancen da gidan da ke Wadata. Umaru Ganda, wanda aka haifa a Yamai a 1935, ya shiga sojan Faransa yana ɗan saurayi, aka kai shi yaƙin Indoshin. Da ya komo bai samu aiki ba, ya tafi Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa. Can Jean Rouch ya same shi, ya sa shi cikin filim ɗin Moi, un Noir na 1958, inda ya taɓo labarin yaƙinsa. Filim ɗin ya yi suna, amma kyamara tana hannun wani. Shekara goma bayan haka Ganda ya ɗauki kyamara da kansa ya yi Cabascabo da Zabarmanci: tsohon soja ya komo da kuɗi, abokan cin mushe suka kewaye shi, kuɗi suka ƙare suka watse, ya juya ya nufi gona. Filim ɗin yana kai da komo tsakanin Yamai da fagen fama, tsakanin yau da jiya, ba tare da wani inji ba. An nuna shi a bikin Cannes a 1969. A 1972 kuma Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, karo na farko da aka ba da ita. Ganda ya rasu ran 1 ga Janairu 1981, aka sa wa gidan sunansa.

Littattafan da za a ɗora irin wannan aiki a kansu ma akwai su a gida. Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki har 1974, ya buga Le Double d'hier rencontre demain a 1973, sunan kawai ya isa shaida: kurwar jiya ta gamu da gobe. A shekarar kuma Mustafa Alasan ya fid da Toula daga wani labarin Bubu Hama na fari da sadaukar da budurwa ga dodon ruwa, a daidai lokacin da fari na gaske yake kashe dabbobi a Sahel. A Nijeriya, Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya da Hausa a 1969, labarin yaro Kilba da tafiyarsa sararin sama, kuma Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa filim a 1976. A Agadas, a 2015, mawaƙi Mdou Moctar ya fito cikin wani filim na harshen Buzaye da aka gina kan Purple Rain na Amurka, ba da dala miliyan 80 ba.

Tambayar da finafinan Holiwud biyu suka zubar kuwa, ta wanda ke aiki cikin duhu da wanda ke shan haske, mutanen Nijar ba sai an fassara musu ita ba. A Akuta, kusa da Arlit, daga 1978 har ran 31 ga Maris 2021 da aka rufe mahaƙar Cominak, ma'aikata sun yi ta sauka zurfin kusan mita 250 suna fid da uraniyom, suka haƙa hanyoyi sama da kilomita 200 a ƙarƙashin hamada. Wutar da aka samu da wannan ƙarfe ta haskaka biranen ƙetare, alhali yawancin ƙauyukan da ma'aikatan suka fito suna kwana da fitilar hannu. Waɗannan bayin Allah ba dodanni ba ne, magidanta ne da suka ciyar da iyali da guminsu, kuma gargaɗin Wells dama ba ga na ƙasa yake ba, ga na sama yake.

Saurayin Wadata da zai so sake wannan labari ba ya buƙatar wata ya tsage. Pal ya tsayar da injinsa a 1917 da 1940 domin su ne shekarun da masu kallonsa suke ji a jika. Na Wadata yana da nasa: farin 1973, yunwar 1984, da ƙidayar 1977 wadda ta samu ƴan Nijar miliyan 5 da ɗoriya, kafin ta 2012 ta same su sun haura miliyan 17. Abin da ya rage masa shi ne ya yanke shekarar da matafiyinsa zai sauka, da harshen da mutanen can za su gaishe shi da shi, da kuma wanda zai tarar a bakin ramin Akuta.