Sil ɗin famfo: ɗan ƙaramin abin da ke raba mai da ruwan kifinka



Yau ba maganar abinci ko magani zan yi ba, maganar famfo ce. A shekarata ta biyu da fara kiwon tarwaɗa, wata safiya na leƙa tankin 'ya'yan kifi sai na ga saman ruwan yana wani ƙyalli kala-kala kamar bakan gizo. Kafin azahar na fara tsamo matattu. Na zargi abinci, na zargi wanda ya sayar mini da iri, ashe samasibul ɗin da nake canjin ruwa da shi ne sil ɗinsa ya mutu, ya saki mai a cikin tankin. Bayan kwana uku kwayil ɗinsa ma ya ƙone. Asara biyu ke nan lokaci guda, alhali kuɗin sil ɗin bai kai na buhun abincin kifi ɗaya ba.

Mene ne aikin sil?

Duk injin da ke juyawa a cikin ruwa yana da matsala guda: dole shaf ya fito daga inda moto da boris suke, ya shiga inda farfela take cikin ruwa. Wannan 'yar kafar da shaf ya ratsa, ita ce ƙofar ɓarna. Ta nan mai zai fita, ta nan ruwa zai shiga. Hatta manyan injinan da ke ba da wutar lantarki a dam ɗin Kainji, wanda aka kammala a 1968, sai an yi fama da wannan ƙofar. 

A famfunanmu, sil ɗin zobba biyu ne masu sulɓi da ke manne da juna. Ɗaya yana juyawa da shaf, ɗaya yana zaune wuri guda, sai sifirin da ke matse su, da roba da ke toshe gefe. Yawanci ɗayan baƙi ne na kabon, ɗayan fari ne kamar tangaran. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, tsakanin fuskokin nan biyu akwai ɗan siririn ruwa ko mai da ido ba ya gani. Shi ke sanyaya su, shi ke hana su cin juna. Da zarar ya ƙafe, sil ya shiga uku.

A samasibul irin na kwashe ruwan tanki, da yawa suna da sil biyu, a tsakaninsu kuma akwai ɗan ɗaki cike da mai. Na ƙasa yana tare ruwa, na sama yana kare moto. In na ƙasa ya gaza, ruwa ya gauraya da man, man kuma ya fara sulalewa cikin tanki. In ka bar shi haka, na sama ma ya bi sahu, ruwa ya kai ga kwayil.

Me ke kashe shi?

Na farko kuma babba, aiki babu ruwa. Ka kunna famfo ka tafi salla ko cin abinci, ruwan tanki ya ƙare, shi kuwa yana ta juyi a bushe. Cikin ɗan lokaci fuskokin sun yi zafi, su tsage, robar ta ƙone. Haka injin ban ruwa na fetur mai inci biyu ko uku: in ba ka cika cikinsa da ruwa kafin ka ja igiya ba, sil ɗin kake ci.

Na biyu, yashi da laka. Mai fond na ƙasa ko mai jan ruwa daga rafi ya fi kowa shan wannan. Yashi yana shiga tsakanin fuskokin yana goge su sannu a hankali.

Na uku, boris da ya mutu. In shaf yana rawa, ko sabon sil ka sa ba zai daɗe ba. Shi ya sa wani zai ce ya canza sau uku duk jabu ne, alhali ciwon a boris yake.

Na huɗu ba sil ba ne kai tsaye, amma sakamakon ɗaya ne: ɗaga famfo da wayarsa. Inda waya ta shiga jikin moto akwai robar da ke toshe wurin. Kana jan ta, tana sakewa, ruwa ya samu hanya. Ɗaura masa igiya a mariƙinsa.

Yadda nake dubawa yanzu

A gefen ɗakin man akwai noti. Duk ƙarshen wata nakan cire famfon daga wuta, in kwantar da shi, in kwance notin a hankali, in tsiyayi kaɗan cikin farar roba. In man garau yake, alhamdu lillahi. In ya yi fari-fari kamar an dama madara, ruwa ya shiga, kuma ba na sake mayar da shi tanki sai an canza sil. In man ya ragu sosai, to ka tambayi kanka ina ya tafi. A injin fetur kuwa, duba tsakanin famfo da inji. In ruwa yana ɗiga ta nan, sil ya fara gaisuwa.

In za a canza, ka tsaya a kan bakanike:

1. A kai tsohon shago a auna, kada a saya da ido. In ruwanka mai yashi ne, nemi wanda fuskokinsa duka biyu na silikon kabaid ne. Ya fi tsada, amma ya fi jure yashi.
2. Kada a taɓa fuskokin da hannu mai datti, kada a buga su da guduma. Ɗan ruwan sabulu a jikin robar ya isa ta zame.
3. A canza zobban roba gaba ɗaya, a kuma girgiza shaf a ji ko boris na da lafiya.
4. A zuba irin man da kamfanin ya rubuta, daidai adadinsa. Ba a cika ɗakin maƙil, domin mai yana kumbura in ya yi zafi, sai ya tura sil. Tsohon baƙin mai kuwa, don Allah kada ya kusanci famfon da ke shiga ruwan kifi.

Sai rigakafi: sa rariya a bakin tiyon tsotso, ɗora samasibul a kan bulo kada ya zauna cikin laka, in da hali a sa masa makunnin nan mai yawo a ruwa da ke kashe shi da kansa in ruwa ya yi ƙasa.

In mai ya riga ya shiga tanki fa?

Kashe famfo, ka dakatar da abinci. Mai yana shimfiɗuwa a sama ya hana iska shiga ruwa, tarwaɗa kuma takan hau sama ta shaƙi iska, don haka duk hawan da ta yi sai ta ratsa shi. Ƙanana ne ke fara faɗuwa. Kada ka zuƙe ruwan ta ƙasa, domin man zai sauka ya lulluɓe kifin. Ƙara ruwa mai tsabta har ya tumbatsa ta sama, sauran ka shimfiɗa tsohuwar jarida ta tsotse, ka ɗauke. Kada ka kuskura ka zuba garin sabulu wai don ya kashe maiƙon, shi ma kisa yake.

Masu kaji, ku ma ba ku tsira ba. In motar bohol ɗinku mai amfani da mai ce, ku riƙa leƙa saman tankin ruwa kafin a cika mazubin sha.

Duban nan na ƙarshen wata bai fi minti goma ba. Wanda ya taɓa ganin man famfonsa ya koma fari, ya faɗa mana irin famfon da kuma ruwan da yake ja, mu ƙaru da juna. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya sa albarka a kiwo.