Cinikin Abincin Tafi-da-gidanka a Kasuwar Muda Lawal da Darasin Masu Dim Sum na Kanton

BAUCHI: Kasuwar Muda Lawal da ke cikin birnin Bauchi, wadda ke ɗauke da sunan shahararren ɗan wasan ƙwallon ƙafar Nijeriya da ya rasu a shekarar 1991, ta yi suna wajen cinikin kayan gwari da 'ya'yan itatuwa da sauran kayan abinci. To amma a gefen wannan babban ciniki akwai wata sana'a da ba a cika sanya ta cikin lissafi ba idan ana maganar tattalin arzikin jihar, wato sayar da dafaffen abinci ga mutanen da ba su da lokacin zama su ci a wurin, sai dai a ƙulle musu su yi gaba.

Masu sayen irin wannan abinci sun haɗa da 'yan kasuwar da ba sa iya barin rumfunansu, da 'yan dako, da direbobin manyan motocin da suka kwana a hanya da kaya, da matafiya, da ma'aikatan gwamnati, da kuma ɗaliban manyan makarantun birnin, irin su Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Abin da suka fi nema shi ne masa, wadda Bauchi ta yi fice a kanta a duk faɗin Arewa, sai ɗanwake da alale da ƙosai da dambu. Mafi yawan masu wannan sana'a mata ne, kuma da ɗan abin da suke samu ake cefane a gidaje da dama, ake biyan kuɗin makarantar yara, ake zubin adashi.

Irin wannan sana'a ta sayar da ƙananan cimaka masu zafi ita ce mutanen kudancin ƙasar Sin suka ɗauka suka mayar da ita babbar harka a duniya. Saboda haka yana da kyau a dubi yadda suka yi, domin a ga abin da mai tandar masa a Muda Lawal za ta iya tsinta daga gare su.

Asalin dim sum

Dim sum suna ne da ake kiran wasu ƙananan nau'o'in abinci da shi a lardin Guangdong na kudancin Sin, wanda babban birninsa shi ne Guangzhou, da Turawa suka daɗe suna kira Kanton, da kuma a Hong Kong. Al'adar ta bunƙasa ne a gidajen shan shayi, inda mutane kan taru da safe ko da hantsi su sha shayi su ɗan taɓa abin tauna. A harshen Kanton ana kiran wannan zama yum cha, ma'ana shan shayi.

Daga cikin fitattun nau'o'insa akwai har gow, wanda ake naɗe jatan lande a cikin ɓawon ƙulli mai sheƙi, da siu mai da ake cusa masa niƙaƙƙen nama, da cheung fun da ake yi da ƙullin shinkafa a naɗe shi kamar tabarma, da kuma lo mai gai, wato shinkafa mai danƙo da naman kaza a cikin ganyen wani tsiro mai kama da bado. Yawancinsu turara su ake yi a cikin 'yan kwandunan gora da ake jerawa bisa juna a kan tafasasshen ruwa, kuma kowane kwando yakan ɗauki guda uku ko huɗu.

Wanda ya san girkin ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Aikin da kwandon gora ke yi shi ne madambaci ke yi wa dambu. Alale ma turara shi ake yi, ɗanwake kuwa ƙulli ne da ake jefawa cikin tafasasshen ruwa, masa kuma ƙullin shinkafa ce da ake sayarwa da ƙidaya. Dukkansu abinci ne da daɗinsu ke tare da zafinsu, kuma riba a cikinsu tana samuwa ne ta hanyar yawan abin da aka sayar.

Yadda abincin ya iso Nijeriya

Tun kafin Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin a ran 10 ga Fabrairu, 1971, masu masana'antu daga Hong Kong sun riga sun shigo ƙasar. A 1964 ne aka kafa masaƙar United Nigerian Textiles a Kaduna da jarin attajirin Hong Kong Cha Chi Ming, wasu iyalan kuma suka kafa masana'antun kwanonin samira da robobi da takalma a Kano da Legas. Zuwan waɗannan baƙi ya taimaka wajen buɗe gidajen abincin Sinawa a manyan birane, inda manyan ma'aikata da attajirai suka fara saba wa cimar.

Bauchi ba ta cikin garuruwan da aka san su da irin waɗannan gidajen abinci. Duk da haka, wani ɓangare na girkin ya shigo ta wata ƙofar. Sifirin rol, wanda ake naɗe kabeji da karas da nama a cikin siririn ɓawon fulawa a soya, yana daga cikin abin da ake kawowa a teburin dim sum, kuma a yanzu da wuya a yi biki ko walima ko buɗa-baki na alfarma a biranen Arewa ba a raba shi tare da samosa a cikin 'yan robobi ba. Matan da ke wannan sana'a a cikin gidajensu a Bauchi suna karɓar oda ta wayar hannu, kuma kasuwanni irin su Muda Lawal da Wunti su ne wurin cefanensu na kabeji da karas da koren tattasai, waɗanda ake kawo da yawa daga cikinsu daga Jihar Filato.

Hanya ta biyu ita ce ta fatauci. Birnin Guangzhou, inda ake gudanar da babban baje kolin Kanton tun 1957, ya zama wurin zuwan 'yan kasuwar Arewa masu sarin atamfa da yadi da kayan waya. A can ne da yawansu suka fara cin karo da dim sum, suka kuma fara cin karo da babbar matsalarsa ga Musulmi.

Batun halal

Girkin Kanton yana amfani da naman alade sosai. Siu mai na asali da naman alade ake yin sa, haka nan burodin da ake kira char siu bao. Ko wanda aka ce na jatan lande ne ko na kayan lambu, akan sanya masa kitsen alade domin ƙarin maiƙo, sannan akan zuba giyar shinkafa a wasu miyagu da soye-soye. Don haka duk mai son yin odar irin wannan abinci, a Legas ne ko Abuja ko ƙasar waje, ya kamata ya tambayi abu uku kafin ya biya: irin naman da aka cusa, da irin man da aka yi amfani da shi, da kuma ko an sa giya a girkin.

Su kansu Sinawa sun gane cewa amanar mai saye jari ce. A cikin ƙasar akwai miliyoyin Musulmi, kuma gidajen abincinsu suna kafa alamar qingzhen, wato halal, a bakin ƙofa. A unguwar Wan Chai ta Hong Kong, ɗakin cin abinci na cibiyar Musulunci da ke Masallacin Ammar ya yi suna wajen yin dim sum da naman kaza da na shanu, har ma waɗanda ba Musulmi ba suna zuwa ci.

Mai masa a Muda Lawal ba ta da wannan damuwa ta halal, amma tana da irin tata. Wanda ya aiko yaro ko ɗan acaɓa ya karɓo masa abinci bai ga ruwan da aka yi markaɗe da shi ba, bai ga man da aka yi suya da shi ba, bai kuma san ko miyar ta kwana ba. Cinikin tafi-da-gidanka gaba ɗayansa a kan yarda yake tsaye, kuma ciwon ciki na rana ɗaya ya isa ya raba mai sana'a da abokin cinikin shekara goma.

Tsadar kaya da ƙarancin riba

Shekarun baya-bayan nan sun gwada masu wannan sana'a ƙwarai. Rufe kan iyakokin ƙasa da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya ɗaga farashin shinkafa, wadda ita ce uwar masa. A farkon 2023 ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin Naira 200 da 500 da 1,000 ya tsayar da ƙananan ciniki cik, har ya tilasta wa masu sayar da abinci da yawa buɗe asusun banki ko jingina da masu na'urar POS. Daga nan sai cire tallafin man fetur a ran 29 ga Mayu, 2023, wanda ya sa farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kuɗin dakon kaya da na injin markaɗe suka bi sahu. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024.

Mai masa tana sayen shinkafa da man gyaɗa da yis da sukari da albasa da gawayi ko itace, sannan ga kayan miya da nama ko ganda, ga kuɗin leda da roba. Duk lokacin da waɗannan suka tashi, zaɓi biyu ne a gabanta: ko ta ƙara kuɗi masu saye su ragu, ko ta rage girman masar su yi ƙorafi. Da yake jarinta kaɗan ne, da mudu take saye a hannun 'yan kiri, alhali ga buhuna nan a cikin kasuwa ɗaya da ita a farashin sari. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, in ji Hausawa.

Abin da za a koya

Darasi na farko daga masu dim sum shi ne ma'auni. A gidajen shayin Hong Kong an kasa kwanduna gida-gida bisa farashi, ƙarami da matsakaici da babba, kuma mai saye ya san adadin da zai samu tun kafin a kawo. Wannan tsari shi ya sauƙaƙa yin oda daga nesa. Idan masu masa suka tsayar da girma ɗaya da adadi ɗaya ga kowace roba, tare da rubutaccen farashi da lambar waya, ofisoshi da masu taro za su iya yin oda mai yawa ba tare da ciniki ba.

Na biyu shi ne mazubi. Akwatin kwalin nan mai marfi da ya zama alamar abincin Sinawa a Amurka an yi rajistar ƙirarsa ne a birnin Chicago tun 1894, kuma ya taimaka wajen yaɗa cinikin saboda yana riƙe zafi, yana da sauƙin ɗauka. A nan kuwa har yanzu ana zuba miya mai zafi a cikin leda ko farar roba mai kumfa, waɗanda ke toshe magudanun ruwa bayan an yar da su. Jihar Legas ta haramta irin wannan roba a watan Janairun 2024, Hong Kong ma ta fara hana ta a gidajen abinci a watan Afrilun wannan shekarar. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka gara masu sana'ar a Bauchi su fara neman madadi tun yanzu, kamar kwali da ganye da kuma ƙarfafa wa masu saye su riƙa zuwa da kularsu.

Na uku shi ne sanin abin da ke jure tafiya. Masu dim sum sun san cewa turararre yakan yi tauri idan ya huce, soyayye kuma yakan yi laushi idan aka rufe shi da tururinsa, don haka suke raba mazubinsu, suke kuma sayar da wasu a daskare domin a turara a gida. Haka masa take: idan aka haɗa ta da miya a mazubi ɗaya takan jiƙe kafin a isa. Raba miya da yaji daban, da sayar da tasasshen ƙulli ga matan da ke son suya a gida, hanyoyi ne na ƙarin ciniki da ba sa bukatar babban jari.

Na huɗu shi ne haɗin kai. Mutanen ƙauyukan Hong Kong da suka yi ƙaura zuwa Ingila a shekarun 1950 da 1960 sun cika garuruwan ƙasar da shagunan abincin tafi-da-gidanka ta hanyar taimakon juna tsakanin dangi, wajen jari da koyon sana'a. Adashi ya riga ya zauna da gindinsa a tsakanin matan Bauchi. Abin da ya rage shi ne a mayar da shi ƙungiyar gama-kai mai rajista, wadda za ta sayi shinkafa da mai a kan sari, ta kuma iya tunkarar Bankin Masana'antu ko hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i. Rancen Naira 10,000 na shirin TraderMoni da aka fara a 2018 ya nuna cewa gwamnati na iya kaiwa ga ƙananan 'yan kasuwa, sai dai irin wannan kuɗi ba ya sayen firji ko tandar gas.

Ba lallai ne ƙanƙantar wuri ta hana ɗaukaka ba. Gidan dim sum na Tim Ho Wan ya fara ne a 2009 a wani ɗan ƙaramin shago a Hong Kong, yana sayarwa da araha, amma cikin ɗan lokaci ya sami tauraron yabo na Michelin, daga baya ya buɗe rassa a ƙasashe da dama.

Akwai kuma rawar da ta rage wa hukumomi. Ƙaramar Hukumar Bauchi da shugabannin kasuwar za su iya ware wa masu dafa abinci wuri mai rufi da ruwan famfo da wurin zuba shara, jami'an duba-gari kuma su riƙa kewayawa a kai a kai suna ba da takardar shaidar tsafta da mai saye zai gani a liƙe. Idan oda ta waya ta bunƙasa, aikin kai abinci zai koma hannun samari masu babur da Keke Napep, abin da zai rage dogaro ga tallar da ke hana 'yan mata zuwa makaranta.

Masar Bauchi ta riga ta yi sunan da har a Abuja da Kaduna da Kano ana amfani da shi wajen jawo masu saye. Ribar wannan suna za ta dawo wa matan da ke tashi tun asuba suna hura wuta a Muda Lawal ne kawai idan aka daidaita ma'auni, aka gyara mazubi, aka kuma samar musu da ruwa mai tsafta da jarin da zai kai su ga sayen buhu.